Langar Sitti Indo

Jamus, 18 ga Fabrairu

Yaya Mastura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidanki Yaya Abdulghaffar da 'yarki Lina. Yaya ciwon gwiwa? Kina dai shafa man da likita ya ba ki, ko kin koma wa habbatus sauda kamar yadda kika saba? Ni lafiya lau, alhamdu lillahi, sai sanyin da ba ya jin magana. Ina nan a kicin ɗin gidan tsofaffi, ina feraye dankali tun safe har yatsu su mutu.

A takarda na rubuta na ɗauki hoto na turo, don na san Lina ce ke buɗe miki saƙon murya, ita kuma ba ta karanta Hausa, maganar nan kuwa tsakanina da ke ce. Rubutun Hausar da Malam Na'ibi ya koya mana a zauren kakarmu Sitti Indo, yau ga ranarsa.

Yaya, ina cikin matsala. Ofishin baƙi ya aiko mini cewa ni 'yar Nijar ce, in shirya komawa. Kin san labarin Nijar ɗin nan. Da 'yan jawazat, jami'an shige da fice na Saudiyya, suka kama ni ba iƙama, wato takardar izinin zama, Yamai suka tura ni saboda babana daga can ya zo. Na je har Damagaram ban sami wanda ya san sunansa ba, wata bakwai ina kwana a tasha. Lauyata ta ce ranar ashirin da biyu ga Yuli za a saurari ƙarata, kuma abin da zai tsayar da ni shi ne shaidar cewa a Jidda aka haife ni. Takardar da asibiti ya ba Ummata ranar haihuwata tana cikin gwangwanin alewar Sitti, kuma ke kika kwashe kayanta da aka rushe unguwarmu Hindawiyya. Ainihin takardar suke so, ba hoto ba. Don Allah ki duba mini.

Bari in ba ki labarin da zai sa ki dariya, kada wasiƙar ta zama kuka zalla. A watan Mayu za a yi zaɓen gari, kuma kowace falwaya an manna mata hoton wata jam'iyya da ba ta da zance sai a kori baƙi. Maƙwabciyata ta ƙofa da ƙofa, wata tsohuwa Gudrun, shekararta saba'in da ɗaya, mijinta ya rasu, har a tagarta ta manna hoton nasu. Shekara uku ina gaishe ta tana kallon bango.

Azumin bara kewar gida ta kama ni, na soya sambusa, na ce ai ba a buɗa baki maƙwabci bai ɗanɗana ba. Na zuba a langar Sitti, mai shuɗin furen nan, na ajiye a ƙofarta na danna ƙararrawa na gudu. Da safe na tarar da langa a ƙofata, an wanke ta fes, wayam! Kin san a Hindawiyya ko dabino uku ne sai an sa, wadda ta mayar miki da kwano wayam ta gaya miki ne kada ki sake. Taurin kaina na gado ya motsa, na sake kaiwa, ta sake dawowa wayam. A karo na uku na zauna a matakala da langa a cinya ina kuka. Ta buɗe ƙofa ta tambaye ni wa ya mutu. Na yi mata bayani da gurgun Jamusancina. Matar nan ta yi tsaye baki buɗe. Ashe cinyewa take yi tas, a wurinsu wanke kwanon shi ne godiyar. Washegari sai ga langa da kek na 'ya'yan itace har murfi ba ya rufuwa. Tun ranar langar ba ta huta ba, yau tana wurina gobe tana wurinta.

Hoton yana nan a tagarta har yanzu, amma tana amsa gaisuwa.

Ƙanwarki,
Latifatu


Jidda, 12 ga Ramadan

Latifatu,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan, ba ta je Jamus ba. Muna shan ruwa lafiya. Abdulghaffar yana tashar jiragen ruwa, ana ta raɗe-raɗin za a ba ɗan ƙasa kujerarsa a sito, shekara ashirin da shida yana wurin. Iƙamarmu kuma ta kusa ƙarewa, kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mana, ya tafi Dubai ya kashe waya. Halas, shi ke nan, abin da muka saba.

Ashe langar tana raye! Shekara tara ina zaton ta ɓata a gidan tarhil inda suka tsare ku. Shekara tara kina kirana a waya, kin gaya mini sanyi, kin gaya mini dankali, ba ki taɓa cewa langar Sitti tana hannunki ba. Ko kin manta a gabanki Sitti ta ce langar nan ta Mastura ce? Ni na zuba masar da na soya a ciki ranar nan na ce ki miƙa wa maƙwabciyarmu Umm Hamad, kika fita lungu, motar jawazat ta yi gaba da ke da langata. Na yi kukanki, na yi kukan langa, yau sai in ji tana can tana ciyar da matar da ke son a kore ki. Mashallah, ta yi tafiyar da mai ita ba ta yi ba.

Na karanta labarinki sau uku, ban yi dariyar ba. Ke kina ganin sambusa tana sauya zuciyar mai ƙasa? Ni zan ba ki labari. Shekara talatin kwano yana kai da kawowa tsakanina da Umm Hamad. Ni na riƙe ta ranar da ta haifi Hamad, ni na wanke uwarta da ta rasu. Da aka zo aka shafa jan fenti a bangayen unguwa alamar rusau, ita 'yar ƙasa aka biya ta, ta koma arewacin gari kusa da teku, gida mai hawa biyu. Mu muka ɗora katifu a mota muka gangaro kudu, ɗaki biyu can bayan Kurayyat. Ban ce ta yi mini laifi ba, ba ita ta rushe ba. Amma watan jiya ta turo wani saƙo a rukunin matan tsohuwar unguwa, wai baƙi sun cinye aiki, sun cika asibiti, a mayar da kowa inda ya fito. Na kira ta na ce, "Ya Umm Hamad, ni fa ina cikin rukunin nan." Ta yi dariya ta ce, "La ya habibti, inti ghair. Ke daban ce, ke tamu ce." Na ce to 'yata fa, da mijina? Ta ce yalla, kada in zama mai saurin fushi.

Ki rubuta ki ajiye: tsohuwarki za ta ci kek da ke, ta shiga rumfar zaɓe ta dangwala wa mutanenta, ta fito ta ce miki ke daban ce.

Maganar takarda, kayan Sitti suna cikin kwalaye a saman bene, an ɗora tsohon firij a kansu. Da azumi da gwiwar nan ba zan iya hawa ba. In an yi salla zan gani.

Ki sha ruwa lafiya, in kuna ganin rana a can balle ku san ta faɗi.

Yayarki,
Mastura


Jamus, 14 ga Afrilu

Yayata,

Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi, kuma kafili ya kunna wayarsa. Mun yi idi a wani ɗakin wasanni da muka ara, mu kusan sittin, Siriyawa da 'yan Afganistan da ni kaɗai baƙar fata.

Ki yafe mini zancen langa. Wallahi ba ɓoyewa na yi don mugunta ba, tsoro na ji kada ki ce in dawo da ita. Ita kaɗai na fito da ita daga Jidda. A tarhil da ita nake karɓar shinkafa, a sahara da ita na sha ruwa, a jirgin robar da ya tsallako da mu da ita na riƙa kwashe ruwan da ke shigowa har hannuna ya kumbura. In kin ga gefenta ya lotsa, can ne.

Yaya, kin ce in rubuta in ajiye, to ga abin da ya faru. Na nuna wa Gudrun takardar ofishin baƙi. Ta sa tabarau ta karanta har ƙasa. Da na dawo aiki washegari, hoton nan babu shi a taga. Ta sami takarda ta rubuta cewa mutanen layinmu suna roƙon a bar ni, ta ɗauki sandarta ta bi gida gida. Sa hannu arba'in da uku ta samo! Har mai gidan burodi, wanda da can in na shiga yake bin hannuna da ido. Ɗanta da ke wani ƙauye ya zo ya yi mata faɗa har ina ji ta bango, yana cewa mun wanke mata ƙwaƙwalwa. Ta ce masa shi da ke zuwa sau biyu a shekara, wa ya kai ta asibiti da ta faɗi a banɗaki?

Abin da na lura, mutanen layinmu sun san mu. Mijin Umm Mazen, wata Basiriya ƙawata, shi ke gyara musu kekuna, rabin iyayensu kuma abincin hannuna suke ci a gidan tsofaffi. Masu zafin sosai su ne na ƙauyukan da ko baƙo ɗaya babu, a talabijin kawai suke ganinmu.

Na ba Gudrun labarinki. Na ce ina da yaya a Jidda, can aka haife ta, can aka haifi uwarta, shekara arba'in da takwas tana sabunta iƙama kowace shekara, gidan da ta girma a ciki an rushe. Hawaye ta yi, ta ce baiwar Allah, ta ce in gaishe ki. Wallahi matar nan ta zame mini kamar yaya a ƙasar nan.

Lauya ta ce sa hannun zai taimaka amma ba zai maye gurbin takardar ba. Salla ta wuce, Yaya. Ko Lina ce ki sa ta hau benen.

Taki,
Latifatu


Jidda, 17 ga Shawwal

Latifatu,

Salam. Muna lafiya. Kafili ya dawo, an buga iƙama, mun sake sayen shekara ɗaya a garin da aka binne cibiyata.

Iyye! Har na zama baiwar Allah? Wa ya aike ki ki kai talaucina kasuwa? Kin zauna a ɗakin Baturiya da kek a gabanki, kin buɗe mata bayana ta leƙa, ta yi hawaye, ke kuma kin sami sa hannu. Ni Mastura 'yar Hindawiyya, wadda ba a ɗaura aure a unguwa sai da tukunyata, ni ce abin tausayin matar da ta manna hoton a kori baƙi a tagarta? Ki gaya mata ta riƙe hawayenta, ba na karɓar sadaka.

Kuma barka, kin yi sabuwar yaya. Ni da na goye ki ranar da aka binne Ummanki, ni da na tsefe miki kai har kika yi hankali, na zama yayar gwangwani, ba a tuna ni sai ana neman takarda. To ki tambayi sabuwar yayar taki ta hau miki benen.

Bari in faɗa miki abin da ke cina tunda kin tono. Ke ce marar takarda a gidanmu. Ni babana ya yi mini iƙama tun ina zanin goyo, ban taɓa barin ta mutu ko na kwana ɗaya ba. Na yi layi, na ba da hoton yatsa, na yi wa kafili uku murmushi. Ke aka jefa ki a mota kamar buhu, muka yi zaman makokinki. Yau ke ce mutum arba'in da uku 'yan ƙasa suka sa wa hannu, gobe a ba ki fasfo, jibi ki shiga rumfa ki zaɓi wanda zai mulki gari. Ni da aka rushe mana gida ko mutum ɗaya bai ɗauki biro ba. Lina ta gama sakandare da sakamakon da ya fi na 'yar Umm Hamad, amma ba ta sami gurbi a jami'a ba, tana zaune tana taya ni naɗe sambusa. Ina adalcin yake a nan? Astagfirullah, na san ba ke kika raba ba, amma ki daina turo mini daɗin da kike ji kina kiransa labarin dariya.

Na hau benen. Kwalaye sun yi yawa, ban ga gwangwanin ba. Wataƙila ya tafi a rusau.

Abu ɗaya na sani: langar Sitti tawa ce, da bakinta ta faɗa. Ki nemi mai zuwa aikin Hajji ki aiko mini da abata. Tsohuwarki ta sayi roba ta riƙa sa miki kek a ciki.

Mastura


Jamus, 2 ga Yuni

Yaya Mastura,

Assalamu alaikum. Wannan wasiƙar ba hoto ba ce, a cikin langa za ki same ta. Umm Mazen ce za ta zo aikin Hajji, za ta bar ta wurin ƙanenta da ke aiki a Jidda, na ba shi lambar Yaya Abdulghaffar. Ina fatan kuna lafiya. Ni na yi mura sati biyu, na warke.

Na yi shiru wata guda da wani abu, don duk abin da na rubuta sai in yage. Ban kai ki kasuwa ba. Abin da ban rubuta miki ba shi ne na gaya wa Gudrun ke kika koya mini girki, ke kika koya mini cewa ba a cin abinci maƙwabci yana jin ƙamshi. Amma kin riga kin karanta abin da kike so.

An yi zaɓe. Jam'iyyar nan ita ta zo ta ɗaya a gundumarmu. A ƙauyen ɗan Gudrun fiye da rabi suka samu. A rumfar unguwarmu ce kawai suka yi ƙasa, Umm Mazen ta nuna mini a jarida, sun faɗo na uku. Mutane suna ta taya ni murna kamar ni na tsaya takara.

Sai dai ki ji daɗi, Yaya, maganarki ta tabbata. Na tambayi Gudrun wa ta zaɓa. Da ma ban tambaya ba. Ta sunkuyar da kai ta ce su ta ba. Ta ce shekara talatin tun da aka rufe masaƙar da take aiki ba wanda ya zo ya tambaye su yaya suke, motar haya ta daina shigowa layin, likita ya tashi, su kaɗai ne suka ƙwanƙwasa ƙofarta. Na ce, "Ai ni suke so a kora." Ta kama hannuna ta ce, "Ba ke ba, Latifa. Ke daban ce." Na ji kamar muryar Umm Hamad ce ta tsallako teku. Na janye hannuna na shiga ɗaki, kwana biyar ban buɗe mata ƙofa ba.

Ga abin da nake so ki sani game da langar. Na yi niyyar in aiko miki da ita wayam. Na wanke ta, na goge, na ce tunda Yaya ta zaɓi kwano a kaina, ta karɓi kwanonta ta fahimci saƙon, kowa ya kama gabansa. Na san kin ga gwangwanin. Na san ki, ko allurar Sitti ba za ki bari a rusau ba. Jiya da hantsi na bar ƙofa a buɗe ina naɗe langar a tawul, sai ga Gudrun a bakin ƙofa da sandarta. Ta tambaya ina za ta. Na ce gida, wurin mai ita. Ta ɗaga murfin ta leƙa, ta dube ni ta ce, "Wayam?" Na ce eh. Ta ce, "A'a. Ke kika zauna a matakalar nan kina kuka a kan wannan. Ba a yi." Ta fizge langar ta shige ɗakinta ta turo ƙofa. Bayan la'asar ta dawo da ita cike da biskit ɗin da ta gasa, ta ce in gaya miki ba man alade ba giya, da man shanu ta yi. Ta sa takarda tsakanin kowane jeri don kada su farfashe a jirgi.

Ban san yadda zan ajiye matar nan a zuciyata ba. Da hannun da ta dangwala musu, da shi ta bi gida arba'in da uku, da shi ta cika miki langa.

Ga abarki nan. Saura kwana hamsin a shiga kotu. Ba zan sake tambayar takardar ba.

Latifatu


Jidda, 16 ga Zulhajji

Latifatu ƙanwata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da babbar salla. Muna lafiya, mun haɗa kuɗi da maƙwabta mun yanka ɗan akuya. Gwiwa ta ɗan lafa. Allah ya ƙara miki lafiya, ki riƙa rufe wuya, ke da ma tun kina ƙarama mura ba ta raga miki.

Abdulghaffar ya shigo da langar a leda. Da na kwance tawul ɗin na ga shuɗin furen nan, sai na zauna a ƙasa. Na shafa inda ta lotsa. Lina tana tambaya da Larabci me ya faru, wai kwano ne kawai ya Ummi. Na kore ta kicin.

Na karanta cewa tsohuwar ta dangwala musu. Wata uku ina jiran wannan labari, har addu'a na kusa yi a kai. Ya zo, na tauna, ban ji ɗanɗanon komai ba. Sai na tuna fuskata a madubi ranar da Umm Hamad ta ce mini ke daban ce, na ce yanzu haka fuskar yarinyar nan take, ita kaɗai a ɗaki, ba wanda za ta gaya wa da Hausa.

Kin yi gaskiya, gwangwanin bai taɓa hawa bene ba. Yana ƙarƙashin gadona tun ranar da muka tare. Ranar da wasiƙarki ta farko ta zo na buɗe shi, takardar tana sama sama, da sunan Ummanki da hatimin asibiti da awon nauyinki, kilo biyu da ɗari takwas. Na riƙe ta na mayar. Ba ɓata ta yi ba, ba gwiwa ba ce, ba firij ba ne. Hassada ce, Latifatu, ga sunanta na faɗa. Na ce in aka mayar da ke Yamai, za mu zama daidai, ke ba ƙasa ni ba ƙasa, in ci gaba da zama yayar da ake tausaya wa ƙanwarta. Na yi azumi da wannan a cikina, na yi tarawihi da shi. Allah ya yafe mini, ke ma in kin iya.

Da kin aiko ta wayam da na ji sanyi. Da na ce kun gani, ta yanke ni, na rufe gwangwanina na kwanta. Sai wannan tsohuwa mai taurin kai ta ɗaure ni da dokar gidanmu. Biskit ashirin da huɗu, na ci biyu ina kuka, Abdulghaffar ya ci shida yana cewa Turawan nan ba su san sukari ba. Yanzu langa tana hannuna da abincin maƙwabciya a ciki, in na riƙe ta ko na mayar wayam, da wane ido zan kalli Sitti gobe kiyama?

Umm Mazen za ta tashi ranar Alhamis. Langar tana jakarta. A ƙasa na shimfiɗa takardar cikin leda biyu, na haɗa da katin allurar rigakafinki da hotonki na makarantar Malam Na'ibi, ko lauya za ta so. A sama dabinon Madina ne da yajin tsire na hannuna. Ki raba dabinon biyu ki kai wa Gudrun rabi a cikin langar. Ki ce mata Mastura ta ce ba ta yafe ƙuri'ar ba, kuma ba ta son hawaye, amma biskit ya yi. Ki ce mata akwai wata yarinya Lina a Jidda, ita ma daban ce, kowa daban ne in ka san sunansa, ta tuna da haka in ta sake ɗaukar biro.

Wani farantin Umm Hamad yana nan wurina tun daren tashinmu, shekara biyu ban mayar ba. Na ce wa Abdulghaffar ranar Juma'a ya kai ni arewa. Zan cika shi da masa, kuma wannan karon sai ta zauna ta ji abin da ke bakina har ƙarshe.

Kada ki ɗauka na ba ki langar. Tawa ce, aro na ba ki. Ki shiga kotun nan ki tsaya da ƙafafunki ki gaya musu a Jidda aka haife ki, ga shaida. Ranar da suka ba ki fasfo ki nemi bizar Umra, ki sauka a garinku ta ƙofar da manyan baƙi ke shigowa, ki kawo mini abata da hannunki. Zan yi kishi ranar, na gaya miki tun yanzu, zan tsaya a filin jirgi ina hararar fasfon. Amma ki zo. Kuma kada ki kuskura ki kawo mini ita wayam.

Yayarki, ba ta biyu,
Mastura